Yadda Baƙo Zai Nemi Ƙaramin Aiki a Abuja Ba Tare da Kuɗin Mota Ya Cinye Albashinsa Ba

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Abuja neman aikin otal, ko gidan abinci, ko tsaron kanti, ko gadi, ko sayar da mai, ya kamata ya fara sanin yadda aka shimfiɗa garin, domin shimfiɗar ce take yanke yawancin abin da zai same shi. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas ta tare a Abuja ranar 12 ga Disambar 1991, tsakiyar birnin, wato Maitama da Asokoro da Wuse da Garki da Jabi da Utako, ta zama matattarar ofisoshi da manyan otal-otal da gidajen masu hali. Su kuwa masu dafa abincin waɗannan wurare da masu share su da masu gadinsu, akasarinsu a gefen gari suke kwana: Nyanya da Karu, Mararaba da Masaka da ke jihar Nasarawa, Kubwa da Dutsen Alhaji, Dei-Dei da Zuba, Madalla da Suleja da ke jihar Neja, Lugbe a hanyar filin jirgin sama, ko Mpape a kan duwatsun bayan Maitama. Aiki yana wuri ɗaya, makwanci yana wani wurin, kuma tazarar da ke tsakani sai an biya ta safe da yamma.

Saboda haka adadin albashin da za a faɗa maka ba ya nuna komai sai ka cire kuɗin mota daga cikinsa. A watan Yulin 2024 aka sanya hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma wanda ake biya da la'ada ko gwargwadon abin da ya aikata, kuma yawancin shaguna da ƙananan gidajen abinci da wuraren wankin mota a nan suka faɗo. Kuɗin mota kuwa ya yi tashin da bai sake komawa inda yake ba tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. A ce an ba ka naira 70,000 ɗin cif a Wuse, kana kwana a Masaka, zuwa da dawowa yana cin naira 2,000 a rana, kana aiki kwana 26 a wata: naira 52,000 ta tafi a hanya, saura 18,000, ba a yi maganar abinci da sabulu da katin waya ba, balle abin da iyaye suke jira a gida. Wanda ya karɓi naira 45,000 a wurin da yake takawa da ƙafa, kuma ana ba shi abincin rana, ya fi ka samu nesa ba kusa ba. Wannan lissafi, da ainihin kuɗin motar da ake biya a ranar da kake yin sa, shi za ka riƙa ɗora kowane tayin aiki a kansa.

Kafin ka bar gida, ka tabbatar da inda za ka kwana na aƙalla wata ɗaya. Kada ka dogara da maganar da wani ɗan garinku ya yi maka lokacin da ya zo Sallah cewa in ka shigo ka neme shi, domin sau da yawa shi ma a ɗakin wani yake raɓe, ko a ɗakin gadin gidan da maigidan bai yarda da baƙo ba. Ka kira shi, ku yi magana a fili: kwana nawa zai iya riƙe ka, su nawa ne a ɗakin, me ake haɗawa na ruwa da wuta da abinci, kuma daga can nawa ake biya zuwa cikin gari. Kunya tana hana mutanenmu yin irin waɗannan tambayoyi, alhali rashin yin su ne yake kawo ɓacin rai bayan mako biyu. Kada kuma ka yi gaggawar kama haya da ɗan guzurin da ka zo da shi. A Abuja da kewayenta kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, a ɗora la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, wani wurin har da kuɗin ajiya na abin da ka iya lalacewa, kuma idan ka kama ɗaki a Suleja sannan aiki ya fito a Lugbe, ka ɗaure kanka na shekara guda. Ɗakuna masu araha da ke tsoffin ƙauyukan da birni ya kewaye suna da kusanci da wuraren aiki, sai dai da yawansu ba a kan tsarin gari aka gina su ba, kuma rusau ba baƙon abu ba ne a Abuja. Wanda zai kama irinsu ya nemi biyan wata uku ko shida in mai ɗakin ya yarda.

Da ka san makwancinka, sai ka zana wa kanka iyakar neman aiki: wuraren da za ka isa da ƙafa, ko da mota ɗaya ba tare da sauyi ba. Mai kwana a Kubwa ya duƙufa a kan Kubwa da Gwarinpa da abin da ke bakin babbar hanyar har zuwa mahaɗar Berger, mai kwana a Nyanya ko Mararaba ya dubi Karu da Jikwoyi da Asokoro ta wajen mahaɗar AYA, mai kwana a Lugbe ya dubi hanyar filin jirgi da Galadimawa da Area 1. Baƙi da yawa suna raina aikin garuruwan gefe, suna ganin sai a Maitama ne mutum zai ce yana aiki a Abuja, alhali Kubwa da Gwarinpa da Karu da Lugbe cike suke da otal-otal da manyan kantuna da makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu, kuma duk suna ɗaukar masu shara da masu gadi da masu tsaron kanti. Ga kuma cunkoson hanyar Mararaba zuwa Nyanya, wanda yake sa mai fara aiki ƙarfe bakwai ya fito daga ɗaki tun kafin a kira sallar asuba. Makara kuwa ita ce laifin da aka fi korar sabon ma'aikaci a kansa.

Akwai ayyukan da suke zuwa da wurin kwana, kamar gadin gida, da aikin gidan burodi, da aikatau, da wasu otal-otal da wuraren wankin mota. Ga wanda ba shi da kowa a garin, su ne mafi sauƙin mashiga, kuma ina ganin ya dace ya fara da su ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Sai dai ya sani cewa mai kwana a wurin aiki ba shi da lokacin tashi, ana iya tada shi tsakar dare ya buɗe ƙofa ko ya tada janareta, kuma ranar da aka sallame shi, aiki da ɗaki tare suke tafiya. Ya riƙe irin wannan aiki na wasu watanni yana tara kuɗi, yana sanin gari, yana kuma sanin mutane.

Abin da ya fi hana baƙo samun aiki a Abuja, fiye da rashin takardar makaranta, shi ne rashin wanda zai tsaya masa. Kusan duk inda za a damƙa maka kuɗi ko makulli ko kaya, za a miƙo maka takardar garanto, a ce mutum ɗaya ko biyu su cike, su manna hotonsu, su haɗa da kwafin katin shaidarsu da adireshin gida da na wurin aiki. Wasu wuraren sukan ce lallai sai ma'aikacin gwamnati mai wani matakin albashi, wasu su karɓi ɗan kasuwa mai shago tsayayye ko limamin unguwa, kuma akwai masu tura mutum ya je ya ga gidan da idonsa. Wanda ya sa hannu ya ɗauki nauyin biyan abin da ka salwantar, kuma shi 'yan sanda za su fara nema idan ka ɓace, don haka kada ka ji haushin wanda ya yi jinkirin amsa maka. Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara wannan magana tun daga gida: mahaifinka ko yayanka ko mai unguwarku ya kira wani ɗan garin da ya daɗe a Abuja, ya ce masa ga yaronmu nan tafe, mu ne muka tsaya masa a wurinka. Mutum ya fi sakin jiki ya sa hannu idan ya san gidan da zai je in wani abu ya faru. Idan babu wannan, sai ka gina shi a hankali ta hanyar ƙungiyar 'yan garinku, da masallacin da kake salla kullum, da fadar Sarkin Hausawan unguwar da ka sauka, domin yawancin garuruwan gefen Abuja suna da shi. Masu sayar da sa hannu a bakin wasu ofisoshi kuwa ka nisance su, saboda ranar da aka bincika aka ga garanton na haya ne, kai za a ɗauka da mugun nufi.

Takardun da za ka riƙe ba su da yawa. Ka zo da lambar NIN da takardarta, da asusun banki mai sunanka wanda ya dace da sunan da ke kan NIN ɗin, domin yanzu ta asusu ake biyan yawancin albashi, ko da na OPay ne ko Moniepoint. Ka haɗa da ƙananan hotunan fasfo masu yawa, da takardar shaidar ƙaramar hukumarku, da sakamakon sakandare in kana da shi, da takarda shafi ɗaya da aka buga mai ɗauke da sunanka, da lambar wayarka, da unguwar da kake zaune, da ayyukan da ka taɓa yi. Kada ka raina abin da ka yi a gida: shekara uku kana tsaron shagon kawunka a kasuwar garinku gogewa ce, ka rubuta ta. Kwafi kawai za ka riƙa bayarwa, ainihin takardun su zauna a jakarka, kuma duk wanda ya ce sai ya riƙe ainihin takardar makarantarka kafin ya ɗauke ka, yana neman abin da zai ɗaure ka da shi ne. Masu aikin kicin da masu kai abinci a wurare masu tsari akan tura su gwajin lafiya na masu taɓa abinci. Ka tambayi wanda zai biya kuɗinsa.

Neman kansa da ƙafa ake yin sa. Ana samun sanarwa a shafukan intanet irin su Jobberman da Jiji da zaurukan WhatsApp da Facebook, amma ƙananan ayyuka da yawa ba sa kaiwa can, ana cike gurbinsu ne da ƙanin wani ma'aikaci ko da wanda ya leƙo a ranar da aka rasa mutum. Ka fito da tsabta, da rufaffen takalmi, da takardunka a cikin ambulan, ka bi titi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kamar titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse 2, inda gidajen abinci da kantuna suke jere, ko rukunin shagunan Banex, ko kasuwannin Wuse da Utako da Garki. Gidan abinci ana shigarsa da hantsi kafin cikowar rana, ko bayan la'asar kafin ta dare, domin manajan da ke fama da masu cin abinci ba zai saurare ka ba. Mutum na farko da za ka gaisa da shi da kyau shi ne maigadi. Sau da yawa yana jin Hausa, ya san wanda aka sallama jiya, ya san sunan mai ɗaukar ma'aikata da lokacin da yake shigowa, kuma shi zai yanke ko takardarka ta shiga ciki ko ta kwana a ɗakin gadi. Mai shayin bakin layi da mai wankin takalmi su ma sun san gidan da ke neman direba ko maigadi. In ka samu ganin manaja, ka ambaci aikin da kake nema da sunansa, wanke-wanke ne ko shara ko lodin kaya, domin wanda ya ce kowane aiki zai yi ana ɗaukarsa a matsayin wanda bai iya komai ba.

Ka lura kuma cewa masu gadi da masu shara da kake gani a bankuna da manyan otal-otal da kantuna irin na Jabi Lake Mall, da yawansu ma'aikatan wasu kamfanonin kwangila ne. Ka karanta sunan da ke jikin rigarsu, ka tambaye su inda ofishin kamfanin yake, can za ka kai takardarka. Kamfanonin gadi masu zaman kansu suna aiki ne da lasisi a ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens, kuma babu laifi ka tambaya ko wanda zai ɗauke ka yana da shi.

Lokaci ma yana taimakawa. Da faɗuwar damina 'yan cirani da yawa suna komawa gona, sai guraben gadi da wankin mota da ɗaukar kaya su buɗe. Lokacin Sallah da na Kirsimeti ma'aikata suna tafiya gida, wasu ba sa dawowa, don haka makon da ya biyo baya lokaci ne mai kyau na zagayawa. Ƙarshen shekara kuma bukukuwa da taruka suna yawaita, masu dafa abincin biki da masu zaurukan taro suna ɗaukar ma'aikatan yini ɗaya, a biya su a tashi. Wanda ya nuna himma a irin wannan aiki shi ake kira idan gurbi na dindindin ya samu. Abin da bai kamata ka sa rai da shi ba yayin jira shi ne acaɓa ko talla a tsakiyar birni, domin an hana acaɓa a can tun 2006, Keke Napep ma an taƙaita shi ga wasu unguwanni, kuma jami'an hukumar kula da muhalli ta AEPB suna kama masu talla a bakin titi su ƙwace kayansu.

Dillalan aiki suna da yawa, na kirki da na banza. Doka ta ce mai wannan sana'a ya mallaki lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma na kirkin yana da ofis tsayayye, yana faɗa maka tun farko abin da zai cira daga albashinka na fari, ku rubuta. Wanda ya fara da kuɗin fom, ya biyo da kuɗin horo, ya ƙara da kuɗin yunifom, alhali ba ka ga wurin aikin da idonka ba, ka bar masa abin da ya riga ya ci ka tsira da sauran. Haka wanda ya ce zai saya maka gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, da wanda ya kira ka ganawar ɗaukar aiki ka tarar da zaure cike da matasa ana koya musu sayar da magunguna da jawo wasu. Mace mai neman aiki ta ƙi duk ganawar da aka sa a ɗakin otal ko a gidan da ba ta sani ba bayan magariba, ta tafi da rakiya in aikatau ne, kuma wani nata ya san gidan da lambar matar gidan. Iyaye kuma su sani cewa Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki a Abuja, ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikatau a wajen danginsa. Mai tashi aiki da dare, namiji ko mace, ya hau mota a tasha ko tare da abokan aiki, saboda 'yan fashin nan da suke shigar masu tasi suna ɗaukar fasinja a bakin hanya.

Turanci yana da muhimmanci, amma bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Aikin kicin da shara da lodi ba ya bukatar fiye da gane umarni da iya amsawa, kuma buroka ta wadatar. Mai kai abinci da mai karɓar kuɗi ne suke bukatar karanta jerin abinci da rubuta oda da sarrafa na'urar POS. Jin Hausa kuwa daraja ce a garin da masu sayayya da yawa Hausa suke ji, don haka ka ambace shi. Akwai kuma abubuwan da ya fi kyau a warware su tun ranar ganawa cikin ladabi: ko wurin yana sayar da giya kuma ko aikinka zai haɗa da ɗaukarta, yadda ake yi da lokacin salla musamman Juma'a, da ko yunifom ɗin mata yana karɓar ɗankwali ko hijabi. Wurare da yawa sun saba da waɗannan tambayoyi, kuma jin amsar kafin a fara ya fi barin aiki a mako na biyu.

Ranar da aka ce an ɗauke ka, murna kada ta hana ka tambaya. Nawa ne albashin, ran nawa ga wata ake biya, kuma ana riƙe na watan farko a matsayin ajiya? Awa nawa ne aikin, wace rana ce hutu, ana ba da abinci? Idan faranti ya fashe, ko mai saye ya tura shaidar biyan kuɗi ta bogi, ko lissafin famfon mai bai cika ba, wa zai biya? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci ga mai sayar da mai da mai karɓar kuɗi, domin cire giɓi daga albashi yana iya cinye rabin wata. Ka karanta mitar famfo ko ka ƙirga kuɗin aljihun tebur tare da wanda ka karɓa daga hannunsa, ku sa hannu, kowace rana, ko da abokinka ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin cikar wata uku, ta ba shi hutun yini ɗaya a kowane mako da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara guda, ta kuma hana tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya. Ƙananan wurare da yawa ba sa bin wannan, amma ko saƙon WhatsApp ne manaja ya turo maka mai ɗauke da adadin albashi da ranar farawa, ka adana shi, ka kuma riƙe ɗan littafi kana rubuta ranakun da ka yi aiki da abin da aka ba ka. Idan aka riƙe maka haƙƙi, da waɗannan za ka je ofishin ƙwadago ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi a kan ƙorafi.

Tun ranar da ka sauka ka ware kuɗin motar komawa gida, ka ajiye shi inda ba za ka taɓa ba, ka kuma yanka wa kanka wa'adin da in ya cika ba aiki za ka koma ka sake shiri, maimakon ka zauna kana cin bashi a ɗakin mutane. In aikin ya samu, ka gaya wa mutanen gida gaskiyar abin da yake saura a hannunka, domin jin sunan Abuja kaɗai yana sa a ninka bukatu. Idan kuma wuri mafi kyau ya fito, ka ba da sanarwar barin aiki yadda doka ta tsara, wato yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wa'adin da ya fi haka. Ka miƙa makulli da yunifom da lissafi a gaban shaida, ka nemi 'yar takardar da ke nuna ka yi aiki a wurin kuma ba a bin ka komai, sannan ka kai wa wanda ya tsaya maka kwafinta, domin sabon wurin ma takardar garanto za su miƙo maka.